Jami'o'i 136, Gurabe 12: Notre Dame da Rigimar Fitar da Zakara a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Duk mai bin gasar Firimiya ta Ingila ya san yadda ake samun zakara. Ƙungiyoyi 20 ne, kowacce ta kara da kowacce gida da waje, wasa 38, a ƙarshe a tara maki. Ko an yi ƙorafi a kan alƙalan wasa, ba wanda zai ce wanda ya ɗauki kofi bai gamu da manya ba. A ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'o'i, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ana gwabzawa, irin wannan lissafi ba ya yiwuwa. A kakar 2025 jami'o'i 136 ne a ajin farko, kowacce kuma wasa 12 take yi daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba. Wasa ne mai cin jiki, ba a yin sa sau biyu a mako, 'yan wasan kuma ɗalibai ne. Ke nan babu jami'ar da ke haɗuwa da ko kashi ɗaya cikin goma na sauran. A kan waɗannan 'yan wasanni ne za a tsaya a zaɓi jami'o'i 12 da za su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale na fitar da zakaran ƙasa, kuma mutum 13 ne ke zama a ɗaki su yi zaɓen.

Abu na farko da zai ba baƙo mamaki shi ne babu wata hukuma guda da ke tsara wanda zai kara da wane. NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ba ita ke gudanar da wannan gasa ta fitar da zakara ba. Tun 1984, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai, ikon sayar da wasanni ga gidajen talabijin ya bar hannun NCAA ya koma hannun jami'o'i da gamayyarsu. Gamayya ita ce haɗakar jami'o'in da suka amince su riƙa wasa da juna, su sayar da wasanninsu a dunƙule, su raba kuɗi. Huɗu ne manya a yau: Big Ten mai jami'o'i 18, SEC mai 16, Big 12 mai 16, da ACC mai 17 a wannan wasa. Kowace gamayya ita ke tsara wa 'ya'yanta wasanni takwas ko tara, ragowar uku ko huɗu kuma kowace jami'a ta nemo wa kanta abokan karawa, sau da yawa shekaru masu yawa kafin ranar wasan.

Daga nan maganar nauyin jadawali ta samo asali. Idan jami'o'i biyu kowacce ta ci wasa 10 ta faɗi 2, ba ka san komai ba tukuna sai ka tambaya: su wa suka doke, su wa suka doke su, a gida ko a waje?

Matsalar ita ce ma'aunin da kansa yana zagaye ne ya dawo inda ya tashi. Ana cewa jami'a kaza ta yi jadawali mai nauyi saboda ta kara da manya, su kuma manyan an kira su manya saboda sun doke waɗanda aka riga aka ɗauka manya ne. Wasannin da ke haɗa wata gamayya da wata, waɗanda su ne kaɗai ke nuna wace gamayya ta fi ƙarfi a wannan shekara, ba su da yawa, kuma galibinsu a watan Satumba ake yi, kafin ƙungiyoyi su gama kankama. Saboda haka zaton da aka shiga kaka da shi yana bin ƙungiyoyi har Disamba. Idan an fara da cewa SEC ta fi kowa, duk wanda ya faɗi a cikinta za a ce babba ne ya kayar da shi.

Akwai kuma wani lissafi mai sauƙi da ya daɗe yana ɓata wa 'yan Big Ten rai. Har zuwa kakar 2025, wasa takwas SEC ke yi a tsakanin 'ya'yanta, Big Ten da Big 12 kuwa tara. A gamayya mai jami'o'i 16, wasa takwas-takwas na nufin wasanni 64, wato faɗuwa 64 da dole a raba a tsakaninsu. Idan tara-tara ne, faɗuwa 72 ke nan. Wannan rarar ta takwas ana maye gurbinta da ƙananan jami'o'i da ake biya kuɗi su zo su sha kashi, kuma a SEC an saba ajiye irin wannan wasa a ƙarshen Nuwamba domin 'yan wasa su huta kafin babban karo. 'Yan SEC su ma suna da amsa: takwas ɗinmu sun fi tarar wasu zafi. A watan Agustan 2025 dai SEC ta amince ta koma tara daga 2026, bayan masu gasar sun sanar da sabon ma'auni da zai ƙara daraja ga doke babba, ya rage hukuncin faɗuwa a hannun babba. ACC ma ta bi sahu.

A tsakiyar duk wannan akwai jami'a guda da ta ƙi shiga kowace gamayya a wannan wasa, kuma ita ce aka fi jifa da zargi. Notre Dame jami'ar Katolika ce a gefen garin South Bend na jihar Indiana, limaman coci 'yan Faransa suka kafa ta a 1842. Zamanta ita kaɗai ba da son ranta ya fara ba. A farkon ƙarni na 20 ta nemi shiga gamayyar da ta zama Big Ten, aka ƙi ta, kuma ƙyamar Katolika da ke tashe a lokacin tana cikin dalilai. Da maƙwabta suka juya mata baya, sai koci Knute Rockne ya riƙa ɗaukar 'yan wasansa a jirgin ƙasa zuwa New York da California neman abokan karawa. Karonta da USC ta Los Angeles ya fara a 1926, na makarantar sojan ruwa ta Navy a 1927. Ta haka ta zama ƙungiyar Katolika 'yan ci-rani a duk faɗin ƙasar, har waɗanda ba su taɓa taka harabarta ba. Abin da ya fara a matsayin wariya ya koma jari. A 1990 ta ƙulla yarjejeniya da gidan talabijin na NBC domin daga 1991 ya riƙa nuna wasanninta na gida, ita kaɗai, yarjejeniyar da aka sabunta har zuwa 2029. Da Big Ten ta dawo tana zawarcinta a 1999, ita ce ta ce a'a.

A da ba ita kaɗai ba ce. Penn State, Miami da Florida State duk sun ci kofin ƙasa ko sun yi tashe suna masu zaman kansu, amma a farkon shekarun 1990 suka shige gamayya ɗaya bayan ɗaya saboda kuɗin talabijin. BYU ta shiga Big 12 a 2023, Army ta samu gida a 2024. A kakar 2025 Notre Dame da UConn kaɗai suka rage.

Ya kamata a faɗi cewa 'yancin nata ba cikakke ba ne. Tun 2013 galibin sauran wasanninta, kamar ƙwallon kwando, suna cikin ACC, kuma a madadin haka ta yarda ta riƙa karawa da jami'o'in ACC kusan biyar a kowace shekara a ƙwallon ƙafa. A 2020, shekarar annobar korona, ta shiga ACC gaba ɗaya na kaka guda, ta kai wasan ƙarshe na gamayyar, Clemson ta doke ta, sannan ta koma inda ta fito.

Masu sukar ta suna da hujjoji uku, kuma ba na banza ba ne. Na ɗaya, ba ta yin wasa na 13. A makon farko na Disamba jami'o'i biyu mafi ƙarfi a kowace gamayya suna karawa domin kofin gamayya, wasan da zai iya karya ɗan wasa ko ya ƙara wa ƙungiya faɗuwa, ita kuwa Notre Dame tana gida tana kallo. Na biyu, tana da hannu a zaɓen abokan karawarta fiye da kowa. Na uku kuɗi ne. A kakar 2024, da ta kai wasan ƙarshe, ladan da ta samu ya kai dala miliyan 20, kuma nata ne ita kaɗai, alhali Ohio State da ta doke ta 34 da 23 sai da aka zuba nata ladan a asusun Big Ten.

Sai dai kowace daga cikin hujjojin nan tana da ɗaya gefen. Rashin wasa na 13 hutu ne, amma kuma rashin dama ne. A 2014, shekarar farko ta wannan tsari lokacin gurabe huɗu ne kacal, TCU tana ta uku ta lallasa Iowa State 55 da 3, washegari ta tsinci kanta ta shida, saboda Ohio State ta ci Wisconsin 59 da nema a wasan kofin Big Ten, ita kuwa Big 12 ba ta da irin wannan wasa a lokacin. Darasin ya shiga, Big 12 ta dawo da wasan kofinta a 2017. Notre Dame ba ta da wannan tsani. Haka kuma gurabe biyar cikin 12 an keɓe su ne ga zakarun gamayya, ƙofar da ba ta da mabuɗinta. A kakar 2024 ma doka ta ce zakarun gamayya ne kawai ke samun matsayi huɗu na sama, waɗanda ke tsallake zagayen farko su huta, don haka ko da ta ci duk wasanninta ba za ta wuce matsayi na biyar ba. An soke wannan doka bayan shekara guda, bayan duk huɗun da suka samu hutun, Oregon, Georgia, Boise State da Arizona State, sun faɗi a wasansu na farko.

Maganar zaɓen jadawali kuwa ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Gaskiya ne jadawalin Notre Dame na 2025 yana da rauni a tsakiya. Purdue, Arkansas da Boston College kowacce wasa biyu ta ci a duk kakar, Syracuse uku, Stanford huɗu. Amma Purdue 'yar Big Ten ce, Arkansas 'yar SEC, sauran ukun 'yan ACC. Lokacin da aka sa hannu a kan waɗannan wasanni ba wanda ya san za su durƙushe haka. Kuma jami'ar da ke neman sauƙi ba za ta buɗe kaka da zuwa gidan Miami ba, sannan ta karɓi Texas A&M a wasa na biyu.

Yanzu ga abin da ya faru a 2025, domin a nan ne duk waɗannan zaren suka sarƙe. Ranar 31 ga Agusta Miami ta doke Notre Dame 27 da 24. Bayan mako biyu Texas A&M ta doke ta 41 da 40 a gidanta. Maki huɗu ke nan jimlar tazarar faɗuwar biyu. Daga nan 'yan wasan koci Marcus Freeman suka ci wasa goma a jere, babu wanda tazararsa ta gaza maki goma, ciki har da doke USC 34 da 24. Miami kuwa ta faɗi a hannun Louisville da SMU, waɗanda ba su kai waɗancan biyun ba. Kowacce ta gama da ci 10, faɗuwa 2.

Kwamitin da ke zaɓen jami'o'i 12 ɗin yana fitar da jerin matsayi kowace Talata daga farkon Nuwamba, a wani shiri na gidan talabijin na ESPN. A jerin farko Notre Dame ta goma, Miami ta 18. Mako bayan mako Miami tana hawa, amma kullum tana ƙasa. A jerin da ya gabaci na ƙarshe, Alabama ta tara, Notre Dame ta goma, BYU ta 11, Miami ta 12. A ƙarshen makon Notre Dame da Miami babu wadda ta yi wasa. Georgia ta casa Alabama 28 da 7 a kofin SEC, Texas Tech ta casa BYU 34 da 7 a kofin Big 12. Da aka wayi gari Lahadi 7 ga Disamba, Alabama ba ta motsa daga ta tara ba duk da faɗuwarta ta uku, BYU ta sauka, Miami ta haura kan Notre Dame ta zama ta goma, Notre Dame ta koma ta 11. Gurabe biyu na ƙarshe kuma suka tafi ga Tulane da James Madison, zakarun ƙananan gamayya. Shugaban kwamitin, Hunter Yurachek, ya bayyana cewa da BYU ta fita daga tsakaninsu, sai jami'o'in biyu suka zama kafaɗa da kafaɗa, a nan ne aka koma ga sakamakon karonsu na Agusta.

A ganina fifita Miami a kan Notre Dame daidai ne. Sakamako iri ɗaya, sun haɗu a fili, ɗaya ta ci. Idan wannan bai raba gardama ba, to me ake zuwa fili yi? Miami kuma ta nuna ba a yi asarar gurbin ba: ta fitar da Texas A&M, ta fitar da Ohio State mai riƙe da kofi, ta fitar da Ole Miss, sai a wasan ƙarshe Indiana ta doke ta 27 da 21. Abin da ba daidai ba shi ne hanyar. Wasan 31 ga Agusta yana nan tun ranar da aka fitar da jerin farko. Kwamitin ya shafe makonni biyar yana gaya wa 'yan wasan Notre Dame da magoya bayansu cewa wancan wasa bai isa ya sauke su ba, sannan a ranar da ba sauran damar gyara ya ce ya isa. Haka nan BYU da Alabama duk sun sha kaye mai muni a wasa na 13, an hukunta ɗaya an ƙyale ɗaya. Za a iya kare Alabama, tun da ta je har gidan Georgia ta ci 24 da 21 a watan Satumba. Amma ita ce kuma Florida State, wadda ta gama kakar da ci biyar faɗuwa bakwai, ta doke 31 da 17. Duk hujjar da mutum yake so zai same ta a cikin wasa 12 ko 13, kuma abin da ke sa zaɓen ya zama na ra'ayi ke nan.

Notre Dame ta fusata, ta ƙi karɓar gayyatar wasan ƙarshen kaka da aka saba yi wa waɗanda ba su shiga gasar ba. Daraktan wasanninta, Pete Bevacqua, ya zargi ACC da yi wa dangantakarsu lahani mai ɗorewa, saboda gamayyar ta fito fili tana yi wa Miami yaƙin neman gurbi, tashar talabijin ɗinta tana maimaita wasan Agusta. Ina jin zafin da suka ji, amma ban ga laifin ACC a nan ba. Miami 'yarta ce a ƙwallon ƙafa. Wanda ya zaɓi zama shi kaɗai ya san ranar rabo ba mai ɗaga murya dominsa. Ƙin buga wasan ƙarshen kuma ɗaliban da ke shekararsu ta ƙarshe ya fi shafa.

Masu cewa Notre Dame ta shiga gamayya kawai a huta, ya kamata su dubi abin da ya faru a cikin ACC ɗin kanta a wannan shekara. Jami'o'i 17, kowacce wasa takwas, wato rabin 'yan uwanta kawai take gani. Virginia ta zo ta ɗaya, jami'o'i biyar kuma suka yi kunnen doki a matsayi na biyu da ci shida faɗuwa biyu, Miami na cikinsu. Miami ba ta kara da Virginia ba, ba ta kara da Duke ba. Da aka bi ƙa'idojin raba gardama aka gangara har zuwa ƙarfin abokan karawa, sai Duke, wadda ta faɗi wasa biyar a kakar, ta samu gurbin wasan kofi, ta kuma doke Virginia. Zakaran ACC ya zama ƙungiyar da kwamiti bai ga ta cancanci shiga ba, shi ya sa James Madison ta samu gurbi, kuma da ba a ɗauki Miami ba, da ACC ba ta da wakili ko ɗaya. Wannan shi ne abin da kumburin gamayya ya haifar tun bayan rushewar Pac-12, babbar gamayyar yammacin ƙasar, da USC, UCLA, Oregon da Washington suka koma Big Ten, Texas da Oklahoma suka bar Big 12 zuwa SEC, Stanford da California da ke gaɓar tekun Fasifik suka shiga gamayyar gaɓar Atlantika. Jami'o'i biyu na gamayya ɗaya yanzu suna iya yin jadawalin da bai yi kama da juna ba ko kaɗan. Kalmar zakaran gamayya ba ta da nauyin da take da shi lokacin da kowa ke karawa da kowa. Don haka rashin daidaiton da ake ɗora wa Notre Dame yana nan a gidan kowa.

Sauyin ma'auni kuwa bai fara a kan Notre Dame ba. A 2023, lokacin gurabe huɗu ne, Florida State ta ci wasa 13 ba faɗuwa, ta ɗauki kofin ACC, aka bar ta a waje aka ɗauki Alabama mai faɗuwa ɗaya, saboda jagoran harinta, Jordan Travis, ya karye a ƙafa a watan Nuwamba. A ranar kwamitin ya ce abin dubawa shi ne wa ya fi ƙarfi yanzu. A 2024 aka ɗauki SMU mai faɗuwa biyu aka bar Alabama mai faɗuwa uku duk da jadawalinta ya fi nauyi. A ranar kuma abin dubawa shi ne wa ya fi cancanta da abin da ya yi. Tambayoyi biyu ne daban, kuma ƙa'idojin kwamitin sun bar masa damar ɗaukar wadda ya ga dama a kowace shekara.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da masu tsara jadawali ke ɗauka daga duk wannan. Texas ta buɗe kakar 2025 da zuwa gidan Ohio State, ta faɗi 14 da 7, ta gama da ci tara faɗuwa uku, aka bar ta a ta 13. Kocinta Steve Sarkisian ya fito ya yi tambayar da kowa ke yi a zuci: da ƙaramar jami'a suka gayyato a wannan rana, da faɗuwa biyu gare su, to me zai sa a sake shirya irin wannan wasa? Ana iya ce masa faɗuwarsu a hannun Florida ce ta kashe su, kuma gaskiya ne. Amma a ɗaya ɓangaren ga Indiana, wadda wasanninta na wajen gamayya su ne Old Dominion, Kennesaw State da Indiana State, ta kuma soke karon da ta shirya da Virginia. Indiana ta ci wasa 16 ba faɗuwa, ta je gidan Oregon ta ci, ta doke Ohio State a kofin Big Ten, ba mai shakkar cancantarta. Duk da haka kowane daraktan wasanni ya ga hanyar da ta bi da hanyar da Texas ta bi, ya ga inda kowacce ta kai.

Sakamakon ya riga ya fara fitowa. A watan Disambar 2025 aka tabbatar cewa karon Notre Dame da USC, wanda ya kusa cika shekara ɗari, ba za a yi shi a 2026 ba. USC tana da wasa tara a Big Ten da tafiye-tafiye masu nisa zuwa gabas, ta so a dawo da karon farkon kaka, ba a daidaita ba, Notre Dame ta ɗauko BYU. Wannan babbar asara ce ga wasan, kuma ita ce haɗarin da ke gaban Notre Dame na gaskiya. Yayin da kowace gamayya ke komawa wasa tara, guraben da suka rage wa baƙo suna raguwa, kuma waɗanda ke da gurbin ba sa son su ba babba. Mai zaman kansa yana rayuwa ne da yardar wasu su kara da shi.

Da ni za a tambaya, a jadawali gyara yake, ba a ɗakin kwamiti ba. A wajabta wa kowace babbar jami'a wasa goma aƙalla da manyan jami'o'i, Notre Dame na ciki. A ware mako guda da za a haɗa gamayya da gamayya bisa matsayin bara, ta ɗaya da ta ɗaya, ta biyar da ta biyar, domin a samu abin kwatance na gaske. A rubuta ƙa'idar wasa na 13 a fili, ko yana cutarwa ko ba ya cutarwa, ta hau kan kowa. A kuma daina jerin kowace Talata, wanda amfaninsa ga mai sayar da talla ne, illarsa kuma ita ce ɗaure kwamiti da maganar da zai warware daga baya. Ƙananan jami'o'i ma kada a rufe musu ƙofa don Tulane da James Madison sun sha kashi a zagayen farko. Alabama ma Indiana ta ci ta 38 da 3. A 2021 Cincinnati ta je South Bend ta doke Notre Dame, a 2024 Northern Illinois, wadda aka biya dala miliyan 1.4 ta zo ta faɗi, ta ci 16 da 14.

Abin da ya hana irin wannan gyara shi ne waɗanda ke rubuta doka su ne masu cin moriyarta. Shugabannin gamayya ne ke zama a kwamitin gudanarwar gasar, tare da daraktan wasannin Notre Dame, wanda ke da kujerarsa shi kaɗai a matsayin jami'a guda. Sabuwar yarjejeniya da ESPN ta kai dala biliyan 7.8 na shekara shida, kuma daga 2026 Big Ten da SEC su biyu za su kwashi fiye da rabin kuɗin, tare da babbar murya a kan yadda tsarin zai kasance. ESPN ɗin nan kuma ita ke nuna wasannin SEC da na ACC. Ba sai an yi zargin maguɗi ba kafin a ga cewa amana tana wahalar samuwa a irin wannan zama.

A teburin nan ne kowa ya yanki rabonsa a yarjejeniyar da aka cimma a 2024, wadda za ta fara aiki a kakar 2026. Zakarun manyan gamayya huɗu za su shiga ko da wane irin sakamako suka zo. Ita kuma Notre Dame, muddin ta gama a cikin 12 na farko a jerin kwamiti, gurbinta tabbas ne. Na kare 'yancinta a sama, kuma ina nan a kan haka, amma wannan gata ba ni da abin kare shi da shi, domin babu wata jami'a da ke da irinsa. A ɗora waɗannan dokoki a kan jerin 7 ga Disambar 2025 a gani. Indiana, Georgia, Texas Tech da Duke sun shiga a matsayin zakaru, Tulane ta wakilci ƙananan gamayya, Notre Dame ta 11 ta shiga da yarjejeniyarta. Saura gurabe shida, na Ohio State, Oregon, Ole Miss, Texas A&M, Oklahoma da Alabama. Miami, wadda ke ta goma, wadda ta doke Notre Dame a fili ta kuma kai wasan ƙarshe, ita ce za ta zauna a gida, Duke mai faɗuwa biyar tana ciki.